"Thou": Daga Bakin Raini Zuwa Bakin Addu'a

Duk wanda ya buɗe fassarar Alƙur'ani ta Turanci da Marmaduke Pickthall ya fitar a 1930 zai yi ta karo da "thou" da "thee". 'Yan bokonmu da dama na ɗauka kalmomin girmamawa ne da Turawa suka keɓe wa Ubangiji. Asalinsu bai kama hanyar nan ba ko kaɗan.

A tsohon Turanci, "thou" na nufin kai ko ke, "ye" da "you" kuma ku. Babu ruwansu da matsayi. Bayan mutanen Normandi sun ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada, sannu a hankali ɗabi'ar kiran babba da lafazin jam'i ta samu gindin zama, kamar yadda amarya ke ce wa surukarta "kun tashi lafiya?" Sai "you" ta zama ta manya, aka bar wa "thou" yaro da bara da masoyi, da kuma wanda aka raina. A shari'ar Sir Walter Raleigh a Winchester a 1603, babban lauyan gwamnati Edward Coke da gangan ya jefe shi da ita yana kiransa maci amana, don ya zubar masa da mutunci a bainar jama'a.

Mabiya George Fox, 'yan ɗariƙar Quaker, sun kafe cewa mutum ɗaya "thou" ne, ko alƙali ne ko basarake. Sun sha duka a kan haka, Fox ma har littafi ya fitar a 1660 yana kare ta. Amma aikin gama ya riga ya gama. Jama'a sun gwammace su ce wa kowa "you" da su ɓata wa wani rai.

To, ina tsarkin ya samo asali? William Tyndale a fassararsa ta Baibul a 1526, da masu fassarar Baibul ta Sarki James a 1611, sun riƙe "thou" ne saboda Girkanci da Ibrananci na bambanta tilo da jam'i. Da ta mutu a kasuwa, a coci aka fi jinta, kunne ya ɗauke ta harshen ibada. A ganina ta yi wa Pickthall rana, domin Larabci ma na raba "anta" da "antum".

Turanci ne ya yi asara, har yau faci ake yi don nuna jam'i: "y'all" a kudancin Amurka, "youse" a Liverpool, "una" a Burokar Nijeriya. A Yorkshire kuwa akwai masu ce wa aboki "tha" har gobe.