Ƙarfen Haƙa Rami Da Lambunan Farin Gada

Duk ɗan Arewa da ke sauke kwandunan tumatir a kasuwar Mile 12 ta Ikko, ko a Anaca da Fatakwal, ya san sunan Farin Gada. Nan ce babbar kasuwar kayan gwari ta Jos, inda ake lodin tumatir da kabeji da karas zuwa Kurmi. Kusa da ita kuma ga kogin Dilimi, wanda masu lambu ke ban ruwa da shi tun daga ɗaukewar damina har bazara.

Masu irin wannan lambu ne 'yan'uwansu mazauna Kudu kan tuna da su in sun ga ana tallar wani ƙarfen haƙa rami. Murɗaɗɗe ne kamar ƙaton sukuru, faɗinsa inci 2 zuwa 4, tsawonsa ƙafa 1 ko 2. A bakin injin huda katako mai batir ake ɗaura shi, watau irin na kafintoci. Da an matsa kunama sai ya nutsa yana amayo ƙasa waje, kafin ƙiftawar ido ga rami.

To, amma kafin mutum ya zuba kuɗinsa ya aika gida, ya kamata ya tambaya wace irin ƙasa ce a lambun. A fadamar bakin kogi, inda rairayi ya gauraya da taki da tokar bola, ƙarfen yana shiga kamar wuƙa a kabewa. Sai dai kuma can ɗin ne ba a bukatarsa, domin mai dashen tumatir a jiƙaƙƙen fangali da ɗan tsinke ko yatsa yake huda gurbi, kuma kafin mai inji ya gama 10 shi ya yi gaba.

Tudun Jos kuwa ƙasar dutse ce, ga marmara, ga tsakuwar da haƙar kuza ta bari tun zamanin Turawa. In ƙarfen ya ci karo da dutse ko saiwa sai ya cije, injin ya juya da ƙarfi ya murɗe wa mai shi wuyan hannu. Shi ya sa ake riƙe shi da hannu biyu, a kuma sa shi a ƙaramin gudu. A laka mai danshi yakan shafe jikin ramin sumul kamar daɓe, saiwar dashe ta kasa ratsawa, sai an karce shi tukuna. Ga kuma batir, wanda ba ya jin lallashi ranar da ba wuta.

Inda ya biya kuɗinsa shi ne ramin da fartanya ke wahala a kai: kafa sandunan tallafar tumatir da kokwamba, dirkokin shinge don tsare awaki, da dashen gwaiba ko gwanda a ƙasar da aka jiƙa tun daren jiya.