3.4 Yadda Haidiroksaid na Ƙarafa ke Samuwa a Tsakanin Fallayen Yumɓu

A wannan sashe za a yi bayanin yadda haidiroksaid na ƙarafa, musamman na aluminiyam, ke taruwa a tsakanin fallayen ma'adinan yumɓu, da kuma tasirin hakan ga albarkar ƙasar noma.

Ma'adinan da abin ya shafa su ne bamikulait da simektait. Kowane fallensu ya ƙunshi shimfiɗar silika guda biyu, da ta alumina guda ɗaya a tsakiya, shi ya sa ake kiran su masu tsarin 2:1. Fallayen suna ɗauke da cajin nagatib, saboda haka sararin da ke tsakaninsu yakan riƙe ruwa da sinadarai masu cajin fozitib kamar kalsiyam da magniziyam, waɗanda tsiro ke iya zuƙa.

Samuwar tana bin matakai uku. Da farko, idan ƙasa ta yi tsami, wato ma'aunin pH ya sauka ƙasa da 5.5, aluminiyam yakan narke daga jikin ma'adinai ya shiga ruwan ƙasa. Na biyu, sai ya maye gurbin kalsiyam da magniziyam a tsakanin fallayen. Na uku, a can ciki yakan haɗu da ruwa ya zama haidiroksaid, ƙwayoyinsa su sarƙu da juna su zama dunƙule. Wannan dunƙule yana da girma da yawan caji, don haka fallayen sukan riƙe shi gam, ba ya musanyuwa. Dunƙulen ba sa cika sararin duka, sai dai su tsaya jefi-jefi kamar ginshiƙai. Da sun cika shi, da ma'adinin ya zama kilorait. Akwai kuma hanya ta biyu, inda kilorait ɗin ne ke zaizayewa har ya rage da ɗan abin da ke tsakanin fallayensa.

Masani C. I. Rich, a nazarinsa na 1968, ya nuna cewa abin ya fi faruwa a ƙasa mai matsakaicin tsami, mai ƙarancin ruɓaɓɓen ganye, wadda ke yawan jiƙewa da bushewa. Dalili kuwa shi ne, tsami mai tsanani yana hana ƙwayoyin sarƙuwa, shi kuma ruɓaɓɓen ganye yana kama aluminiyam tun kafin ya shiga. M. L. Jackson ya lura tun 1963 cewa wannan riƙo yana hana samuwar gibsait a ƙasar. Ana samun irin wannan yumɓu da yawa a kudu maso gabashin Amurka. Haidiroksaid na baƙin ƙarfe ma yakan shiga, amma na magniziyam sai a ƙasa mai kanwa.

Ana gane shi ta hanyar gwajin eksire. Tazarar fallen bamikulait angistiram 14 ce, idan aka shayar da shi potashiyam sai ta koma 10. Wanda ke da ginshiƙan haidiroksaid kuwa yakan tsaya a kan 14, ba ya matsewa sai a hankali idan ana gasa shi har zuwa digiri 550 na Salshiyas.

Wannan al'amari yana da riba da hasara ga manomi. Dunƙulen suna toshe cajin yumɓu, sai ƙarfinsa na riƙe abincin tsiro ya ragu, kuma suna kama fosfet. A ɗaya ɓangaren, suna rage kumburin yumɓu, suna hana fallayen kulle potashiyam, suna kuma tsare aluminiyam mai lahani ga saiwa. A yawancin ƙasar noma ta arewacin Nijeriya kawolinait ne ya fi yawa, shi kuwa tsarinsa 1:1 ne, ba ya buɗewa balle wani abu ya shiga. Don haka kafin a yanke hukunci kan taki ko farar ƙasa da gona ke buƙata, wajibi ne a san irin yumɓun da ke cikinta, wanda shi ne batun sashe na gaba.