Tagar Ɗakin Kwanan Direba Da Hatsarin Ja Da Baya

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar manyan motoci ya ga yadda a ke shigar da tirela lungu da baya. Yaron mota yana can ƙarshen bodi yana ɗaga hannu, yana cewa, "Taho, taho, tsaya!" Direba kuwa ya leƙo ta taga yana murza sitiyari sannu sannu. A Amurka galibi direba ba shi da yaro, shi kaɗai ya ke tafiyar kwana da kwanaki. Saboda haka direbobin can su kan kula ƙwarai da wani abu da mu ba mu cika dubawa ba, watau tagogin da a ke yi wa kan mota mai ɗakin kwana. Tun da ya ke ana kawo irin motocinsu ƙasar nan, kamar su Mack, ya kamata mu san inda maganar ta dosa.

Dokar Amurka ba ta yarda direban kaya ya wuce awa 11 yana tuƙi ba, sai ya huta awa 10. Don haka a ke gina masa ɗaki da gado a bayan kujerarsa. A shekarar 1982 aka yi wata doka wadda ta sa a manyan hanyoyin ƙasar aka bar auna kai da tirela a haɗe, aka koma auna tirela kaɗai. Daga nan masu ƙera motoci suka sami hanyar faɗaɗa ɗakin, har wani ya kan kai inci 70 ko fiye. A yawancin ƙasashen Turai kuwa kai da tirela duka ba su wuce mita 16.5, shi ya sa nasu ɗakin ƙarami ne.

To, amma hutun nan ba a banza ya zo ba. Kan mota marar ɗaki yana da gilashi a bayan direba, in ya waiwaya ya ga abin da ke biye da shi. Mai ɗaki kuwa, in ya waiwaya sai ya ga labule da bango.

Ga inda wahalar ta ke. Direba a hagu ya ke zaune, a Amurka da nan ƙasar duka, tun da Nijeriya ta koma bin hannun dama a shekarar 1972. In yana ja da baya tirela ta karkata hagu, sai ya leƙa ta tagarsa ya ga wutsiyarta sosai. In ta karkata dama, madubin dama ba ya nuna masa kome sai jikin bodi, wutsiya ta fita daga ganinsa. Akwai ƙaramin madubi mai doro wanda ke ɗauko wuri mai faɗi, amma yana ƙanƙanta abu, na kusa ya zama kamar na nesa. Tirelar Amurka kuwa ta kan kai ƙafa 53. Direbobi suna kiran gefen nan na dama makahon gefe, ƙwararru kuma ba su shiga ta nan sai in babu yadda za su yi.

Tagogin da mai saye ya kan zaɓa iri uku ne. Ta farko ita ce ta gefen ɗaki, kusa da gado. In tana dama, an kuwa yaye labule, direba ya iya waiwayawa ya hangi wani sashe na makahon gefen. Wadda aka yi can sama kusa da rufi ta haske ce da iska kurum. Ta biyu ita ce ta bangon baya. Tana da amfani sa'ad da a ke haɗa kai da tirela, ko in tirelar shimfiɗaɗɗiya ce marar rufi, amma in mai dogon bodi ce yawancin abin da za a gani goshinta ne. Ta uku ƙarama ce a ƙasan ƙofar dama, tana nuna mai keke ko ƙaramar mota da ta raɓu da kan.

Kowace kuma da illarta. Gilashi ya fi bango shigar da zafin rana da sanyin dare, yana shigar da haske ya hana mai barcin rana sakewa, ɓarawo kuma ya sami wurin leƙe. Shi ya sa wani direban ya kan rufe tagar da labule ya manta da ita, ranar bukata ta zama kamar babu.

Yanzu an sami kyamara da a ke liƙawa bayan mota. Tun 2018 Amurka ta wajabta ta ga sababbin motocin da ba su wuce fam 10,000 ba, amma dokar ba ta kai ga manyan tireloli ba. A Landan kuwa, tun 2021 ana ba motocin da suka wuce ton 12 taurari, daga sifiri zuwa 5, gwargwadon abin da direba ke gani gaba da gefe ta gilashi da idonsa.

Duk da haka, makarantun tuƙi na Amurka ba su bar koyar da tsohuwar dabara ba: in ka yi shakka, ja birki, sauka, zagaya ka duba. Gani ya kori ji. Babu tagar da ke nuna abin da ke daidai bayan doguwar tirela.

Saboda haka akawun da aka ɗora wa sayen mota, kada ya tsaya ga ƙarfin inji kaɗai. Ya hau kujerar direba ya waiwaya dama, ya ga abin da ya ke iya gani. Direba kuma kada ya motsa in yaronsa ya ɓace masa a madubi. Malamai, ku gaya wa yara a aji cewa in ba su ga fuskar direba a madubinsa ba, to, shi ma bai gan su ba. Allah ya kiyashe mu.