Bidiyon da ke wayarka shaida ne: yadda ake bin sawun laifi a soshiyal midiya, daga Maiduguri zuwa Kudu

Duk wanda ke zaune a Agege, Mile 12, Sabon Ibadan ko Fatakwal, kuma yana da 'yan'uwa a Barno, ya san yadda labarin gida ke zuwa yanzu. Kafin rediyo ya faɗa, bidiyo ya riga ya shigo guruf ɗin WhatsApp. Wani ya turo, wani ya ƙara turawa, a ce “yanzu-yanzu a Maiduguri”. Abin da da yawa ba su lura ba shi ne, wannan bidiyon da muke kallo a gindin rumfa, jami'an tsaro ma suna kallonsa, 'yan jarida da masu kare haƙƙin ɗan Adam suna kallonsa, su ma 'yan ta'adda ba a bar su a baya ba. Kowa da abin da yake nema a ciki.

Masu harkar tsaro na kiran wannan aiki OSINT a taƙaice. Ma'anarsa tattara bayanai daga abin da ke a fili, wanda kowa zai iya gani ba tare da ya kutsa wayar wani ba: rubutun Facebook, bidiyon TikTok, hotunan tauraron ɗan Adam na Google Earth, jaridu, har da tallan da mutum ya yi wa shagonsa. Ya bambanta da sauraron kiran waya ko bin layin mutum ta kamfanin sadarwa, wanda shi doka ta gindaya masa sharuɗɗa. Amma a aikace ana haɗa su, a fara da na fili, a ƙarasa da na ɓoye.

A Najeriya, Maiduguri ce ta fara ɗanɗana ƙarfin wannan abu, kuma abin mamaki, jami'an tsaron ne ya fara kamawa. A ƙarshen Yulin 2009, bayan rikicin Boko Haram na farko, 'yan sanda sun ce Muhammad Yusuf ya mutu ne yayin da yake ƙoƙarin tserewa. Sai ga hoto da bidiyo sun fito, ana ganinsa da rai a hannun sojoji suna yi masa tambayoyi kafin su miƙa shi ga 'yan sanda. Lokacin ko WhatsApp bai zo mana ba, ta Bluetooth da katin memori mutane ke ba juna. A watan Fabrairun 2010 tashar Aljazeera ta nuna wani bidiyon, inda masu kaki ke kwantar da mutanen da ba su riƙe da makami a bakin titi suna harbewa, har da masu dogara sanda. A 2011 aka gurfanar da jami'an 'yan sanda biyar a kotu a Abuja kan kisan Yusuf. Kotu ta sallame su daga baya, amma dai da babu waɗannan hotuna, da wuya maganar ta je gaban alƙali ma.

Sai ranar 14 ga Maris 2014, da Boko Haram suka kai hari barikin Giwa suka fasa wurin da ake tsare mutane. Ƙungiyar Amnesty ta ce an kashe fiye da mutum 640 a ranar, akasarinsu tsararrun da aka sake kamawa. A nan ne ya kamata mu ɗan tsaya, domin yadda suka tantance bidiyon da aka turo musu shi ne ainihin sana'ar.

Tambaya uku ake yi wa kowane bidiyo: a ina aka ɗauka, yaushe, kuma su wa ke ciki. Don gano wuri, mai bincike ba ya kallon abin tashin hankalin da ke gaba, bayansa yake kallo. Fitilar titi, shingen tsakiyar hanya, hasumiyar masallaci, tankin ruwa, launin katanga, inda bishiya take. Sai ya buɗe hoton tauraron ɗan Adam ya yi ta bin titunan garin har ya samu inda duk waɗannan alamomi suka haɗu. Don gano lokaci kuwa, akwai bayanan da waya ke liƙa wa fayil da kanta, ranar ɗauka, awa, wani lokaci har da wurin. In an goge su, sai a koma ga inuwa, domin tsawonta da inda ta karkata na nuna lokacin yini da na shekara. Ginin da ba a ƙarasa ba ma shaida ne, tunda tsofaffin hotunan sama za su nuna watan da aka ɗora masa rufi. Su wa ke ciki, wannan kaki ne ke faɗa, da irin bindiga, da lambar mota, da harshen da ake magana, da sunan da wani ya kira ba da saninsa ba. Da irin wannan aiki Amnesty ta tabbatar cewa bidiyon da ta samu a Maiduguri aka ɗauke shi, a wannan ranar. Haka a Janairun 2015 ta gwada hotunan sama na kafin hari da na bayansa, ta ƙirga gine-gine kusan 3,700 da aka lalata a Baga da Doron Baga, a lokacin da babu ɗan jaridar da zai iya taka ƙafa can.

Misalin da ya fi fitowa fili bai yi nisa da Barno ba. A 2018 wani bidiyo ya yaɗu na sojoji suna harbe mata biyu da yara biyu. Gwamnatin Kamaru ta ce ƙarya ne, ba ƙasarta ba ce. Sashen binciken BBC na Afirka tare da wasu masu sa kai suka gwada zanen tsaunin da ke bayan bidiyon da taswira, suka gano wurin kusa da Zelevet, dab da iyakar Najeriya, suka kuma ce a 2015 abin ya faru. A Satumbar 2020 kotun soja ta ɗaure sojoji huɗu shekara goma-goma. Kotun duniya ta ICC ma a 2017 ta ba da sammacin kama wani kwamandan Libiya, Mahmud al-Werfalli, bisa bidiyoyin da aka sa a soshiyal midiya.

To ina 'yan sandanmu a wannan fage? Sun shigo, ko da yake a makare. A Nuwamban 2015, zamanin Sufeto Janar Solomon Arase, aka buɗe sashen karɓar ƙorafi da ke amsa koke ta waya da WhatsApp da Twitter. Akwai cibiyar yaƙi da laifukan intanet ta rundunar a Abuja. Kakakin rundunar kowace jiha, har da na Barno, yanzu a shafinsa yake fara fitar da sanarwa. Lokacin ambaliyar Satumbar 2024, da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya ci rabin Maiduguri, katangar gidan yari ta rushe, hukumar gidajen gyaran hali ta ce fursunoni 281 ne ba a gani ba, ta kuma nemi jama'a su taimaka da bayani. A waɗannan kwanaki, mutanen da ruwa ya tare a Gwange da kewaye ta waya da soshiyal midiya suka riƙa sanar da inda suke. Gwada wannan da 2013, lokacin da aka katse layukan waya a Barno na tsawon watanni bayan dokar ta-ɓaci ta watan Mayu. An toshe wa mahara hanya, gaskiya ne, amma an toshe wa mai son kai rahoto ma. A shekarar ne 'yan Kato da Gora suka taso, waɗanda makaminsu na farko sanin fuskar ɗan unguwa ne. Har gobe, a ganina, babu na'urar da ta kai wannan.

Sai dai wuƙar kaifi biyu gare ta. Abin da ke a fili ga ɗan sanda, a fili yake ga maƙiyi. Wanda ya ɗauki ayarin sojoji a hanyar Damboa ya sa a Facebook don a yaba masa, bai san wa ya yi wa aiki ba. Da wannan hujjar sojoji suka dira ofishin Daily Trust na Maiduguri ranar 6 ga Janairun 2019, suka tafi da shugaban ofishin saboda labarin shirin ƙwato Baga. Mutane da dama sun yi tir da matakin, kuma sun yi daidai, amma damuwar da ke ƙarƙashinsa ba ƙirƙira ba ce.

Ga kuma ƙarya. A Yunin 2018, lokacin rikicin Filato, an yaɗa hotuna masu tayar da hankali a Facebook ana cewa na ranar ne. Binciken BBC ya nuna wani bidiyon ma ba a Najeriya aka ɗauka ba, daga Kongo Brazzaville yake, tun 2012. Amma kafin a gane, an tare hanya a Jos an kashe matafiya. Mu da ke zaune a ƙasar wasu, mun fi kowa sanin abin da hoto ɗaya ke iya jawowa. Wanda ya ga abin da ya faru a kasuwar Shasha a Fabrairun 2021 ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Na uku shi ne yadda masu mulki ke karkatar da kayan aikin. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya daɗe ana kama 'yan jarida da masu suka da shi, har kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki, aka yi masa gyara a 2024. A Nuwamban 2022 an bi sawun wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse aka kai shi Abuja saboda rubutu ɗaya a Twitter kan matar shugaban ƙasa ta lokacin, kafin a janye ƙarar. Jama'a sun yi ta tambaya, kuma tambayar tana nan: ƙwarewar da ta gano ɗalibi a cikin makaranta, me ya hana ta gano ɗan bindigar da ke baje kuɗin fansa a TikTok, alhali tun Disambar 2020 ake tilasta mana haɗa layi da lambar NIN?

Kisan mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo a ƙarshen Maris 2025, suna hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano don yin sallah, bidiyon waya ne ya hana a binne maganar. Fuskoki sun fito, muryoyi sun fito, 'yan sanda suka sanar da kama mutum 14. Amma bidiyo ya yaɗu daban, kotu ta karɓe shi daban. Sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya ce duk shaidar da ta fito daga na'ura sai an zo da bayanin na'urar da yadda aka samar da ita. Lauyan wanda ake tuhuma zai tambaya wa ya ɗauka, da wace waya, ko an taɓa shi. Bidiyon da ya bi ta hannu ɗari, aka yanke shi, aka ɗora masa waƙa ko rubutu, ya riga ya yi rauni.

Saboda haka, 'yan'uwa, in Allah ya kiyaye abu ya faru a gabanka kuma ka iya ɗauka ba tare da ka jefa kanka cikin haɗari ba, ka bar na asalin a wayar yadda yake, kada ka yanke, kada ka goge. Ka ɗauko har da alamar wurin, allon shago ko sunan titi. In za ka tura wa lauya ko Sarkin Hausawan unguwarku don a kai wa DPO, ka tura shi a matsayin fayil, domin WhatsApp na matse bidiyo ya kuma cire bayanan da ke liƙe da shi idan aka tura ta hanyar da aka saba. Ka rubuta ranar da awar a takarda tun kana tunawa. Wanda kuma aka turo maka ba ka san tushensa ba, ka ɗauki hoton fuska ɗaya daga ciki ka sa a Google Lens, sau da yawa cikin minti biyu zai nuna maka ko an taɓa sa shi shekarun baya, a wata ƙasa, da wani suna.