Babi na Uku: Uwar Allo ta Masu Zaburar da Kwamfuta

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin sassan kwamfuta a dunƙule, aka kuma nuna cewa uwar allo ita ce faffaɗan allon nan da ake dasa ƙwaƙwalwar kwamfuta da ma'adanar wucin-gadi da sauran sassa a jikinsa. A wannan babi kuwa za a keɓe wani nau'i guda na uwar allo, wato wadda ake ƙerawa musamman domin mutanen da ke tilasta wa kwamfuta yin gudun da ya wuce wanda kamfani ya yanka mata. Wannan aiki shi ne aka kira "zaburarwa" a cikin wannan kundi. An aro kalmar ce daga hawan doki, domin mai zaburar da doki ba sabon doki ya saya ba, wanda yake kai ɗin ne ya matsa wa lamba, kuma ya san cewa idan ya wuce gona da iri dokin zai iya kayar da shi ko ya kasa. An so a yi amfani da kalmar "sukuwa", to amma sukuwa tana nuna gudun ne kawai, ba ta nuna hannun mahayi a cikin al'amarin ba.

3.1 Ma'anar Zaburarwa

Ƙwaƙwalwar kwamfuta tana aiki ne bisa wani bugu na lantarki mai maimaita kansa, kamar yadda masu daka ke bin kiɗa. Ana auna wannan bugu da megahaz, wato bugu miliyan ɗaya a daƙiƙa, ko gigahaz, wato bugu miliyan dubu a daƙiƙa. Gudun ƙwaƙwalwa yana samuwa ne daga abu biyu. Na farko shi ne bugun tushe, wanda uwar allo ke bayarwa. Na biyu shi ne ninki, wato adadin da ƙwaƙwalwa ke riɓanya wancan bugu da shi. A kwamfutocin zamani bugun tushe megahaz 100 ne, saboda haka idan ninki ya zama 50, gudun ƙwaƙwalwa ya zama gigahaz 5 ke nan. Mai zaburarwa zai ɗaga ɗaya daga cikin biyun, ko duka.

Da a ce iyakar maganar ke nan, da babu buƙatar wata uwar allo ta daban. Matsalar ita ce, idan gudu ya ƙaru, ƙwaƙwalwa takan fara kuskuren lissafi sai an ƙara mata ƙarfin lantarki, wanda ake aunawa da bolt. Wutar da take ci kuwa, da zafin da take fitarwa, suna tafiya daidai da gudu, amma ta fuskar bolt sau biyu suke ninkuwa. Misali, idan aka ɗaga daga bolt 1.20 zuwa 1.32, an ƙara kashi 10 cikin ɗari ne, amma cin wuta zai ƙaru da kimanin kashi 21. Idan kuma aka haɗa da ƙarin gudu na kashi 10, sai ƙarin ya kai kusan kashi 33. A nan ne nauyi ke komawa kan uwar allo, domin ita ce za ta kawo wannan wuta ba tare da ta yi rawa ba.

3.2 Taƙaitaccen Tarihi

A farkon shekarun 1990, wanda ke son sauya gudun kwamfuta sai ya kwance akwatinta ya riƙa matsar da wasu 'yan hulunan roba da ke haɗa ƙananan ƙusoshi a jikin allo, waɗanda masu gyara ke kira jamfa. Kamfanin Abit na ƙasar Taiwan ne ya yi suna wajen kawar da wannan wahala, inda ya fito da tsarin SoftMenu, wanda ya mayar da saitin cikin BIOS, wato ɗan shirin da ke tayar da kwamfuta kafin komai ya fara aiki. Daga nan mutum yana zaune gaban madannai zai sauya abin da yake so.

Shekarar 1998 ce ta fito da al'amarin fili. A wannan shekara kamfanin Intel ya fitar da ƙwaƙwalwa mai araha, Celeron 300A, wadda bugun tushenta ya ɗan haura megahaz 66, ninkinta kuma 4.5, jimla megahaz 300. Ninkin a kulle yake, amma idan aka dasa ta a kan allo mai cifset ɗin 440BX, kamar Abit BH6, aka mayar da bugun tushe 100, sai ta tashi a megahaz 450. Ƙarin rabi ke nan a kyauta, kuma ta kan kusan kamo Pentium II mai megahaz 450, wadda kuɗinta ya ninka nata sau da dama. Bayan shekara biyu, a 2000, aka gano cewa ana iya buɗe ninkin ƙwaƙwalwar Athlon da Duron na kamfanin AMD ta hanyar haɗa wasu 'yan gadoji da ke samanta da zanen fensir, saboda bakin fensir yana ɗaukar lantarki. Abin lura a nan shi ne, a wancan zamani zaburarwa dabarar mai ƙaramin ƙarfi ce, wanda ya sayi kayan araha yana neman aikin kayan tsada.

Daga baya al'amarin ya juya. Kamfanonin suka ga kasuwa a ciki. A 2006 ASUS ya buɗe sashen Republic of Gamers, allonsa na farko kuma shi ne Crosshair. Shi kuwa Abit ya daina ƙera allo a ƙarshen 2008. A 2011, da fitowar ƙwaƙwalwa irin su Core i5-2500K, Intel ya ɗaure bugun tushe da sauran hanyoyin bayanai na cikin allo ta yadda ba ya ɗaguwa sai kaɗan, saboda haka wanda ke son zaburarwa dole ya sayi ƙwaƙwalwa mai harafin K a ƙarshen sunanta, da allo mai cifset ɗin da ya yarda da haka, irin su P67 da Z68 da waɗanda suka biyo bayansu masu harafin Z. AMD ya fi sassauci, domin da ya fitar da Ryzen a 2017 ya bar ninkin a buɗe, ko da yake allo mai cifset ɗin A320 bai ba da damar ba, sai B350 da X370.

3.3 Abubuwan da Suka Bambanta Ta da Sauran

Babban abin da ake biya wa kuɗi a irin wannan allo shi ne madaidaicin wuta, wato jerin kayan da suka kewaye soket ɗin ƙwaƙwalwa. Tukunyar wuta ta kwamfuta tana turo bolt 12, ita kuwa ƙwaƙwalwa abin da take sha bai cika wuce bolt ɗaya da 'yan kai ba. Aikin madaidaicin shi ne ya sauko da wancan zuwa wannan. Idan aka ɗauka ƙwaƙwalwa tana cin wat 250 a kan bolt 1.25, to amfiya 200 ke ratsa wurin da bai fi tafin hannu ba. Don haka ake raba aikin zuwa rassa, kowane reshe da transistocinsa da kwayil ɗinsa da kwandansa, suna karɓa-karɓa cikin tsananin sauri ƙarƙashin wani ɗan guntu mai ba su umarni. Idan rassa huɗu ne, kowane zai ɗauki amfiya 50. Idan ashirin ne, kowane 10. Da yake zafin da ke tasowa a waya yana bin amfiya sau kanta ne, jimlar wannan zafi a rassa ashirin ɗin kashi ɗaya cikin biyar ne na wanda rassa huɗu za su fitar, muddin kayan iri ɗaya ne. Sai dai a yi hattara da adadin da ake bugawa a jikin kwali, domin ingancin kowane reshe da irin ƙarfen da aka ɗora masa don shanye zafi sun fi yawan rassan muhimmanci.

Akwai kuma wani abu da ake kira zubewar bolt. Duk lokacin da aiki mai nauyi ya faɗo wa ƙwaƙwalwa, ƙarfin wutar da ke isa gare ta yakan ɗan sauka, kamar yadda ƙwan lantarki ke dusashewa idan an kunna injin niƙa a unguwa. Ƙwaƙwalwar da ke bakin iyakarta za ta iya sandarewa a wannan ɗan lokaci. Allon masu zaburarwa yana ba da matakai daban-daban na rage wannan zubewa. Wanda ya zaɓi mataki mafi tsanani kuma yana cikin wani haɗarin, domin idan aikin ya yanke farat ɗaya wutar takan yi tsalle sama fiye da abin da aka saita.

Shi kansa allon hawa-hawa ne na tagulla da aka manne. Mai araha yakan kasance hawa huɗu ko shida, mai tsada kuwa takwas ko goma ko fiye. Wani abin mamaki shi ne, allon da aka yi domin gasa, irin su jerin Apex na ASUS wanda ya fara a 2017, da Tachyon na Gigabyte, ramukan ma'adanar wucin-gadi biyu kawai gare su, alhali allon gama-gari yana da huɗu. An rage su ne da gangan, saboda gajeriyar hanya tsakanin ƙwaƙwalwa da ma'adana tana sa saƙo ya isa da tsabta, ramin da aka bari fanko kuwa yana jawo amsa-kuwwar lantarki da ke dagula saƙon.

Sauran abubuwan ƙanana ne amma suna rage ɓata lokaci. Akwai ɗan gilashi mai nuna lamba biyu da ke faɗin inda tashin kwamfuta ya tsaya, da maɓallin kunnawa a jikin allon kansa domin galibi ba a sa shi cikin akwati, da maɓallin goge saiti, da BIOS biyu don idan ɗaya ya lalace a koma ɗayan, da kuma wuraren dafa mita a auna bolt kai tsaye, tunda abin da shiri ke nunawa a fuskar kwamfuta ba kullum yake daidai ba.

3.4 Zaburarwar Gasa

Masu zaburarwa kashi biyu ne. Akwai mai son ƙarin gudu domin aikin yau da kullum, wanda fanka ko sanyaya ta ruwa ta ishe shi, burinsa kuma kwamfuta ta yi sa'o'i tana gwaji irin na Prime95 ba ta yi kuskure ba. Akwai kuma ɗan gasa, wanda ke neman ƙwaƙwalwa ta rayu na 'yan daƙiƙu kawai a kan gudu mai tsanani, a ɗauki shaida da shirin CPU-Z, a aika wa rumbun HWBOT inda ake jera sakamako. Shi wannan yakan ɗora wata tukunyar tagulla a kan ƙwaƙwalwa yana zuba mata ruwan naitirojin, wanda ke tafasa a digiri 196 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyas, ko ruwan hiliyam mai digiri 269 ƙasa da sifiri.

Irin wannan sanyi yana zuwa da nasa matsalolin. Raɓa takan taru a jikin allo, ruwa da lantarki kuwa ba sa ga maciji, shi ya sa ake shafe kewayen soket da basilin ko wani abu mai danƙo, a lulluɓe da takarda mai tsotse ruwa. Wasu ƙwaƙwalen kuma sukan ƙi tashi idan sanyi ya yi yawa. Saboda wannan ne ake sa wa allon gasa makunni na musamman na yanayin naitirojin, da wani makunnin da ke saukar da ninki ƙasa nan take, domin a lallaɓa kwamfuta ta gama tashi kafin a sake ta.

A 2011 ƙwaƙwalwar AMD FX-8150 ta kai gigahaz 8.429 da taimakon ruwan hiliyam, har ta shiga kundin Guinness. A 2014 FX-8370 ta kai 8.722, aka kuma shafe shekara takwas ba a karya wannan ba. A watan Disamba na 2022 ne aka fara ƙetare gigahaz 9, inda Core i9-13900K ta kai 9.008 a kan allon Maximus Z790 Apex. Ya kamata a sani cewa ba kowace ƙwaƙwalwa mai wannan suna ce za ta yi haka ba, domin ko da daga masana'anta guda suka fito, wata ta fi wata jure gudu, kuma 'yan gasa sukan gwada da yawa kafin su tsinci ɗaya.

3.5 Haɗari da Amfani

Wutar da ta yi yawa tana cinye ƙwaƙwalwa a hankali, har ta kai ba ta iya ko gudunta na asali. Wannan ba wai hasashe ba ne. A 2023 an sami rahotannin ƙonewar wasu ƙwaƙwalen Ryzen 7000, abin da ya sa AMD ya taƙaita wutar wani sashe nasu zuwa bolt 1.3 ta hanyar sabon BIOS. A 2024 kuma Intel ya amsa cewa wasu ƙwaƙwalensa na zubi na 13 da na 14 suna lalacewa saboda yawan bolt, ya fitar da gyara, ya kuma ƙara wa'adin garanti da shekara biyu. Da yawa daga waɗanda abin ya shafa ba su taɓa saitin komai ba, kuma an lura cewa allo masu yawa sun zo daga kamfani da iyakar cin wuta a sake, domin su yi fice a gwaji.

A ganin mai wannan nazari, ribar zaburarwa ga mai aikin yau da kullum ta ragu ƙwarai idan aka kwatanta da 1998. Tun 2008 Intel ya sa wa ƙwaƙwalensa tsarin Turbo Boost, mai ɗaga gudu da kansa idan zafi da wuta sun ba da hali, AMD ma yana da irinsa, har ta kai a 2023 Core i9-13900KS ta fito daga kwali tana taɓa gigahaz 6. Abin da ya saura wa mai zaburarwa da fanka 'yan kaso ne kaɗan, shi ya sa da yawa suka koma ga ƙara gudun ma'adanar wucin-gadi, ko ma rage bolt domin kwamfuta ta yi sanyi. Ga mai amfani da kwamfuta a Kano ko Sakkwato ko Damagaram kuwa, inda zafin bazara ke haura digiri 40, ƙurar hunturu ke toshe fanka, wutar lantarki kuma ke zuwa tana ɗaukewa, fanka ba ta iya sanyaya ƙwaƙwalwa ƙasa da zafin ɗakin da take ciki, saboda haka kowane digiri da ɗaki ya ƙaru an cire shi ne daga ratar da za a yi zaburarwa a cikinta. Kuɗin da zai tafi ga allon gasa a irin wannan wuri ya fi amfani idan aka sa shi a tukunyar wuta mai inganci da sitabilaiza da fanka mai kyau.