Latsa Waya Daban, Iya Kwamfuta Daban

"Ai yaron nan ya fi ni sanin waya." Wallahi maganar nan ta ishe ni. Daga Danko zuwa Ribah har cikin garin Zuru, sai ka ji uba yana faɗarta cike da alfahari. Ya miƙa wa ɗan shekara biyar wayarsa, yaro ya nutse cikin TikTok ko katun ɗin da aka turo daga shagon masu caji, wai ana koya masa kwamfuta tun da wuri. Akwai kuma masu cewa kwamfuta ba ta koyar da komai sai damfara; su ma sun yi kuskure, amma ba da su nake yau ba.

Jama'a, an ƙera wayar nan ne yadda kowa zai iya shafa ta, har wanda bai san baƙi ko ɗaya ba. Gwanintar ta masu ƙirar ce. Yaron da aka goya a babur daga Danko zuwa Maga ya sha iska, amma bai koyi tuƙi ba. Ka zaunar da wannan "gwanin" wayar gaban kwamfuta, ka ce ya rubuta sunansa da na garinsu, ya adana, gobe ya nemo. Nan za ka ga ido ya raina fata. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, WAEC ma ta fara gwada hakan da ɗalibai masu zaman kansu a 2024. Abin da ake buƙata a ɗakin jarrabawar shi ne karanta tambaya da sauri, a fahimta, a danna amsa. Wanda bai iya karatu ba, ko shekara goma ya yi yana kallon bidiyo, zaune zai yi yana zare ido.

Kada a ɗauka talaucinmu ne ya sa nake faɗar haka. Shirin nan na bai wa kowane yaro kwamfutarsa, wanda Nicholas Negroponte ya ƙaddamar daga Amurka a 2005, an gwada shi a firamaren Galadima da ke Abuja a 2007. Ba a jima ba aka ruwaito cewa wasu yaran suna leƙa shafukan batsa, sai daga baya aka shiga neman yadda za a toshe. Ƙasar Peru ta raba irin kwamfutocin dubu ɗaruruwa, binciken da aka fitar a 2012 bai ga wani ƙarin ci gaba a lissafi ko karatun yaran ba. Suwidin, duk da arzikinta, a 2023 ta fara mayar da ƙananan yara ga littafin takarda da rubutun hannu. Na'ura ba malami a kusa, abin da take haifarwa ke nan.

To me za a yi, tunda darasin kwamfuta yana cikin manhajar firamare? Rashin wuta da rashin kayan aiki kowa ya san su. Amma a fara da abin da ke hannu. Ɗan ƙasa da shekara 2 kada a ba shi waya sam, ɗan 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a yini. Wannan shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta 2019. Aji ɗaya da biyu a dage kan baƙaƙe da lambobi da riƙe fensir. Malam, ko kwamfuta babu, ka zana madannanta a bayan kwali, yara su riƙa ɗora yatsu suna neman haruffan sunayensu. In kwamitin makaranta da iyaye suka haɗa kuɗi, kwamfuta ɗaya ta hannu da ƙaramar sola sun isa aji ya riƙa zuwa uku-uku, kowa ya taɓa da hannunsa, maimakon a rufe ta a ofishin hedimasta ana jiran ranar da baƙi za su zo.

A gida kuwa, Baba, in za ka ba shi wayar, zauna tare da shi. Rufe data. Ka duba abin da aka tura maka a memori kafin yaro ya gani, don masu turin ba sa tacewa. Ka sa ya rubuta wa kawunsa saƙo, ko ya lissafa maka kuɗin buhun masara biyar. Akwai darussan kyauta a Nigeria Learning Passport da gwamnatin tarayya da UNICEF suka buɗe a 2022, in ka shiga inda sabis yake da ƙarfi ka yi masa rajista. Mama, ke ma a daina toshe bakin mai kuka da waya don a samu a gama tuwo. Ban da waya a kan abinci, ban da ita a shimfiɗa, in an yi sallar isha'i a karɓe.