Iyakar kalma da iyakar gaɓa: daga Holanci zuwa Birnin Ƙwanni

A Holanci ana rubuta harɗaɗɗiyar kalma a dunƙule, amma furuci yana kiyaye mahaɗinta. A kalmar "handen" (hannuwa) gaɓoɓin su ne han-den, kuma /d/ tana nan yadda take. A "handarbeid" (aikin hannu) kuwa yankan shi ne hand-ar-beid: /d/ ba ta tsallakawa zuwa wasalin da ke gabanta, kuma da yake ta tsaya a ƙarshen gaɓa sai a furta ta [t]. Wani lokaci ma'ana ce ke sauyawa: val-kuil ramin tarko ne, valk-uil wani irin mujiya.

Muna ganin Hausa ta fi Holanci tsauri a nan. Gaɓarta iri uku ce: BW, BWW da BWB (B baƙi, W wasali), wato ba gaɓar da ke farawa da wasali. Kalmar da ake rubutawa da wasali a farko tana ɗauke da hamza da ba a nunawa. Saboda haka "ruwan inabi" ru-wan-'i-na-bi ne. Dogon wasalin "ruwa" ya gajarce don gaɓar ta rufe, /n/ kuma ta koma [ŋ]. Shi ya sa ake sa alamar hamza a "ɗan'uwa". Mai karatun da ya saba da Faransanci, inda baƙin ƙarshen kalma ke manne wa wasalin gaba, yana iya karanta *ru-wa-ni-na-bi, abin da kunnen Bahaushe ba ya karɓa.

Sunayen garuruwan jihar Tawa sun isa misali. Rubutun "Birni N'Konni" ya raba /n/ da gidanta, alhali harafin mallaka ne da ke rufe gaɓa ta biyu: Bir-nin-Ƙwan-ni. Babu wata gaɓa *nko a Hausa. Haka "Tsernaoua": ts baƙi guda ne, "ou" kuma /w/ ce, don haka Tsar-na-wa, gaɓa uku. Malbaza da Illela ba su da wuya (Mal-ba-za, Il-le-la), sai dai kada a tsallake ɗaya daga cikin tagwayen /l/.

Batun ba na masana kaɗai ba ne, tun da a 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar. Shawararmu ga masu tsara littattafan yaƙi da jahilci ita ce, in za a yanka kalma a ƙarshen layi, /n/ ta mallaka ta zauna da kalmar farko, kuma ts, sh, ƙw, ky da gw kada a raba su.